Jijiyar da Babu da Jijiyar da Ta Yi Ƙari

Tsokokin da ke lanƙwasa kan yatsunmu ba a cikin yatsun suke ba. Suna can sama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Daga can suke aiko da dogayen jijiyoyi farare masu tauri, irin waɗanda mahauta ke kira agara, su ratsa wuyan hannu su je su kama ƙasusuwan yatsu. Guda tara suna bi ta wani matsattsen rami da ke gindin tafin hannu: bibbiyu ga kowane ɗaya daga cikin yatsu huɗu, ɗaya ga babban yatsa. Haka littafi ke zana hannu, haka kuma ɗalibin likita ke haddace shi. Sai dai duk wanda ya daɗe yana buɗe hannuwan mutane, a ɗakin koyarwa ko a ɗakin tiyata, ya san Allah bai yi su da ma'auni ɗaya ba. Wani an rage masa, wani an ƙara masa, kuma yawancinsu har su bar duniya ba za su sani ba.

Iri biyu na wannan bambanci sun fi ja mini hankali, domin sun yi hannun riga da juna. Na farko rashi ne: akwai wata siririyar tsoka mai doguwar jijiya, likitoci na kiranta falmaris longus, wadda miliyoyin mutane ba su da ita sam. Na biyu ƙari ne: wani ɗan reshen jijiya da ke ɗaure jijiyar babban yatsa da ta manuniya, a wurin da ya kamata kowace ta bi hanyarta. Duk wanda aka tambaya wanne ne zai fi rage wa mutum ƙarfin matsin yatsu, zai ce ai rashi, tunda abin da babu ba ya ja. Ni ina ganin akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya, kuma dalilin hakan yana nuna mana abin da hannu yake buƙata.

Da farko sai a san abin da ake aunawa. Matsin yatsu iri uku ne a wurin masu gashin ƙashi da likitocin hannu. Akwai na kai da kai, inda kan babban yatsa ke haɗuwa da kan manuniya, kamar lokacin zura zare a allura ko tsintar tsakuwa daga shinkafa. Akwai na gefe, inda babban yatsa ke danne abu a kan gefen manuniya, yadda ake riƙe makulli. Akwai na yatsa uku, riƙon alƙalami. Ana auna su da wani ɗan ma'aunin ƙarfe da ake matsawa ya nuna nauyi. A 1985 Mathiowetz da abokan aikinsa suka auna manya 628 a Amurka, kuma har yau asibitoci da yawa da alkalumansu suke kwatance: matsin makulli na namiji kusan kilo 11 ne, na mace kilo 7 da ɗoriya, na kai da kai kuwa bai kai haka ba, kusan kilo 8 ga namiji, 5 ga mace. Alkaluman kamar ƙanana ne, amma nauyin da ke sauka a ciki ya ninka su nesa. Cooney da Chao sun lissafa a 1977 cewa idan kan yatsa ya matsa da nauyin kilo ɗaya, gaɓar da ke gindin babban yatsa tana ɗaukar kusan kilo 12. Shi ya sa wannan gaɓa take saurin lalacewa ga tsofaffi, musamman mata.

Masu wannan aiki sanannu ne: doguwar jijiyar da ke lanƙwasa kan babban yatsa, takwararta da ke lanƙwasa kan manuniya, da ƙananan tsokokin da ke cikin tafin hannu, musamman curin naman nan da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Falmaris ba ta cikin wannan jerin. A riƙe wannan.

Ganin ta ba wuya. Juyo tafin hannunka sama, ka haɗa kan babban yatsa da kan ƙaramin yatsa, ka ɗan lanƙwaso wuyan hannun. Idan kana da ita, za ka ga wata igiya ta taso a tsakiyar wuyan hannu, miƙe ƙarƙashin fata. Wannan gwaji na Schaeffer ne, tun 1909. Idan wurin ya zauna sumul, mai yiwuwa ba ka da ita a wannan hannun. Duba ɗayan, domin sau da yawa tana nan a hannu ɗaya babu a ɗaya. An daɗe da lura da haka. Realdo Colombo, masanin halittar jiki na Italiya, ya rubuta batun rashinta a littafinsa da ya fito a 1559.

Yawan waɗanda ba su da ita ya danganta da al'umma. Littattafai kan ce kusan mutum 15 cikin ɗari, amma wannan adadi daga Turawa aka fi samo shi. A cikin 'yan asalin Sin da aka duba a Singafo, bai kai 5 cikin ɗari ba. Mbaka da Ejiwunmi sun duba Yarbawa a wani bincike da ya fito a 2009, suka sami kusan 7 cikin ɗari. A Gaziantep ta Turkiyya kuwa, wani bincike na 1997 ya ba da rahoton sama da 60 cikin ɗari. Tun daga nan mai hankali zai fara shakka. Da a ce wannan jijiya tana da babban rabo a ƙarfin hannu, da an ga gari guda na masu raunin kamu, kuma ba a gani ba.

Sebastin da abokan aikinsa a Singafo sun tunkari tambayar kai tsaye a 2005. Suka auna damƙa da matsin yatsu na mutum 418, suka kwatanta masu jijiyar da marasa ita, ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba. Tsarin jikin ma ya goyi bayansu. Falmaris tana tasowa daga ƙashin gwiwar hannu ta ciki, ta gangaro, amma ba ta shiga ramin nan na jijiyoyi tara. Ta samansa take wucewa, ta baje a cikin farar tantanin da ke ƙarƙashin fatar tafin hannu. Ba ta kama ƙashin yatsa ko ɗaya ba. Abin da take yi shi ne ɗan taimaka wa lanƙwasa wuyan hannu da ɗame fatar tafi, kuma akwai tsokoki biyu da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagunta, da ke yin aikin lanƙwasawar.

Ba zan ce ba ta da amfani ko kaɗan ba, domin adalci bai yarda ba. A wasu mutane zarurrukanta kan shiga cikin tsokar gindin babban yatsa, kuma Gangata da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa tana ƙara ƙarfin ɗaga babban yatsa daga tafin hannu. Amma ɗaga yatsa buɗe baki ne kafin kamu. Matsin kansa daga wasu tsokoki yake zuwa. Tela marar falmaris zai riƙe allurarsa kamar kowa.

To, ga na biyu, wanda ba ya tasowa ƙarƙashin fata balle a nuna shi.

A 1979 likitoci biyu a Amurka, Linburg da Comstock, suka bayyana wani haɗi tsakanin jijiyar da ke lanƙwasa kan babban yatsa da wadda ke lanƙwasa kan manuniya. Yawanci ɗan reshe ne da ke ɓallewa daga ta babban yatsa, kusa da wuyan hannu, ya ratsa a karkace ya manne wa ta manuniya. Sun duba mutum 194, suka ga alamarsa a hannu ɗaya aƙalla a kashi 31 cikin ɗari, a hannu biyu kuma kashi 14. Da suka feɗe gawa 43, suka gan shi da ido a kashi 25. Ke nan ƙarin nan ya fi rashin falmaris yawa a al'ummomi da dama, amma bai samu ko rabin shaharar da ta samu ba.

Shi ma kana iya gwada shi yanzu. Buɗe hannunka, yatsu a miƙe, sannan ka lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta babban yatsa kaɗai, ka tura shi cikin tafi. Zuba wa manuniya ido. Ga yawancin mutane tana nan tsaye, ko ta ɗan motsa kaɗan. Ga mai wannan haɗi, kanta zai sunkuyo da kansa, ko yana so ko ba ya so. Sai ka sa ɗaya hannun ka riƙe manuniyar a miƙe, ka sake lanƙwasa babban yatsan da ƙarfi. Idan haɗin na nan, ko dai babban yatsan ya ƙi kaiwa inda ya saba, ko ka ji wani ja mai zafi a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, wani lokaci har ya haura sama. A yi hattara da gwajin farko shi kaɗai: ɗan motsin manuniya yana iya zama daga yadda ƙwaƙwalwa ke ba yatsu umarni a tare, ba daga jijiya ba. Wataƙila shi ya sa adadin da aka samu a rayayyu ya ɗara wanda aka gani a gawa.

Asalin abin tun daga ciki ne. Lokacin da hannun ɗan tayi ke ginuwa, tsokar da ke lanƙwasa kan babban yatsa da wadda ke lanƙwasa kan sauran yatsu daga curi ɗaya suke fitowa, daga baya su rabu. Cikar wannan rabuwa na daga cikin abubuwan da suka bambanta hannun ɗan Adam. A jikin manyan birai, irin su gorila da cimfanzi, jijiyar babban yatsa siririya ce, wani lokaci ma babu ita, kuma ba ta da tsoka tata mai zaman kanta. Mu kuwa muna da cikakkiyar tsoka da aka ware wa kan babban yatsa shi kaɗai. Mai haɗin Linburg da Comstock, rabuwar ce ba ta ƙarasa ba a wurinsa. Akwai kuma wanda ba da shi aka haife shi ba: kumburin rigar jijiyoyin ne, saboda rauni ko yawan aiki, ya sa suka manne wa juna.

A nan kwatancin yake da daɗi. Ka ba mai wannan haɗi ma'aunin matsi ka ce ya matsa kai da kai. Babban yatsa zai lanƙwashe, manuniya za ta lanƙwashe, dama abin da aikin ke so ke nan, reshen bai hana komai ba. Allurar ma'auni za ta hau, a rubuta masa lafiya lau. Marar falmaris ma haka. A kan takarda, su biyun sun yi kunnen doki, kuma wanda ya tsaya a nan zai ce duka bambance-bambancen biyu labarin ɗakin karatu ne kawai.

Amma aikin hannu ba matsi ɗaya ba ne da ake yi a saki. Dubi mai ɗinkin hula: babban yatsansa yana danne ƙyalle yana lanƙwashe, manuniya tana miƙewa ta tura allura, ta dawo, ta sake miƙewa, sau dubbai kafin la'asar. Dubi mai rubutu, wanda alƙalaminsa ke tafiya saboda yatsu biyun suna karɓa-karɓa, wannan ya ja wancan ya saki. Duk inda aiki ya ce babban yatsa ya lanƙwashe manuniya kuma ta miƙe a lokaci guda, mai haɗin yana faɗa da kansa ne. Kamar awaki biyu ne da aka ɗaure da igiya ɗaya: in dai wuri ɗaya suka nufa ba ka jin kukansu, sai ɗaya ta ga ciyawa a gabas ɗaya a yamma. Tsokar da ke miƙe manuniya tana ja ta baya, ta babban yatsa tana ja ta gaba, ɗan reshen nan da rigar da ke kewaye da shi su ke shan wahalar. In abin ya daɗe sai kumburi, sai zafi a wuyan hannu, wani lokaci har da alamun danne jijiyar saƙo da ke bi ta ramin nan tare da jijiyoyi tara, wato dindiris da jin kamar ana tsira allura a yatsu.

Shi ya sa rahotannin wannan matsala suka fi fitowa daga makaɗa, masu fiyano da masu goge irin na Turawa, waɗanda abincinsu ya rataya a kan kowane yatsa ya yi nasa shi kaɗai. Yaro zai yi ta maimaita wani sashe na kiɗa, malaminsa yana ce masa bai yi ƙoƙari ba, alhali babu yawan maimaici da zai tsinke jijiya. Wannan yana ba ni tausayi ƙwarai, domin an ɗora wa hali laifin da ke na halitta. Likitoci sun kuma ja hankali kan masu riƙe ƙaramar bindiga: idan babban yatsa ya lanƙwashe don ya ja abin ɗana ta, manuniyar da ke kan kunama tana iya binsa.

Kada a ɗauka ina cewa kashi ɗaya cikin huɗu na mutane marasa lafiya ne. Mafi yawan masu haɗin ba su taɓa jin komai ba, domin reshen na da sassauci ko kuma sana'arsu ba ta matsa masa. Abin da nake cewa shi ne, a cikin biyun, wannan ne kaɗai ke da hanyar da zai bi ya hana mutum aikinsa, kuma shi ne ma'auni ba ya kamawa. Ma'auni yana tambayar kilo nawa, ba ya tambayar ko yatsa zai iya motsi ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba, ko matsin zai kai awa uku bai koma zafi ba. Mai gashin ƙashin da ya auna tela, ya ga kilo 11, ya sallame shi, bai amsa kukan da ya kawo shi ba. Gwajin manuniya ba ya cin minti ɗaya, ba ya buƙatar na'ura, kuma ina ganin ya kamata ya shiga cikin abin da ake yi wa duk mai sana'ar yatsu da ya zo da ciwon wuyan hannu wanda aka rasa kansa.

Domin a ga girman abin daidai, yana da kyau a ajiye su biyun kusa da abin da ke rushe matsin yatsu da gaske. Likitan Faransa Jules Froment ya bayyana wata alama a 1915: a ba mutum takarda ya riƙe tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, a ja. Idan jijiyar saƙo da ke bi ta bayan gwiwar hannu ta mutu, curin naman da ke danne babban yatsa ba ya aiki, sai ka ga kan yatsan ya ƙudundune yana neman ceto daga doguwar jijiyarsa, takardar kuma tana zamewa. Wannan jijiyar saƙo ita cutar kuturta ta fi kamawa a hannu, kuma duk wanda ya ga yadda mai wannan lalura ke fama da ɗaukar kwabo daga ƙasa ya ga abin da rashin ƙarfin matsi yake nufi. Kusa da wannan, da lalacewar gaɓar gindin babban yatsa, da tsufa, rashin falmaris ba komai ba ne, haɗin manuniya kuma ƙaramin abu ne.

Akwai wuri ɗaya da lissafin ke juyewa, shi ne teburin tiyata. Tunda ana iya cire falmaris ba a rasa komai ba, ga ta doguwa, ga ta kusa da fata, ita ce likitoci suka fi ɗauka idan suna neman jijiyar da za su yi faci da ita. A 1974 Frank Jobe ya ciro ta daga hannun dama na Tommy John, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Los Angeles Dodgers, ya gyara masa gwiwar hannun hagu da yake jifa da shi. John ya dawo fili a 1976, ya yi wasa har 1989, kuma yau da sunansa ake kiran wannan aiki. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin da Camitz ya bayyana a 1929. Idan danne jijiyar saƙo a wuyan hannu ya daɗe har tsokar gindin babban yatsa ta shanye, mutum ba ya iya ɗaga yatsan ya fuskanci manuniya, kamu ya gagara. Sai likita ya ɗago falmaris tare da wani ɓangare na tantanin tafin hannu, ya karkatar da ita ya ɗinke a gindin babban yatsa, ta koma yin aikin tsokar da ta mutu. Jijiyar da ba ta da rabo a matsin yatsun mai lafiya, ita ke dawo wa majinyaci da shi.

A wannan rana ce kaɗai marar falmaris zai san ya yi rashi, kuma ko a nan akwai mafita: ana ɗauko wata siririyar jijiya daga ƙwaurin ƙafa, ko daga cikin masu ɗaga yatsun ƙafa, ko a karkato wata daga yatsun hannun. Haɗarin da ya fi tsanani daga wani wuri yake zuwa. Babbar jijiyar saƙo ta tsakiyar hannu tana kwance dab da inda falmaris take, kuma an rubuta lokutan da likita ya shiga neman falmaris a hannun da babu ita, ya ciro jijiyar saƙon a madadinta. Wanda wannan ya faɗa wa ya rasa ji a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, ya rasa ɗaga babban yatsa. Saboda haka ake duba ko tana nan tun majinyaci yana farke, kafin a ba shi maganin barci, domin gwajin Schaeffer sai da motsin mai hannun.

Mai haɗin Linburg da Comstock kuwa, nasa ya zo da sauƙi a wannan teburi. Ana fara masa da hutu, da ɗaurin wuyan hannu, da maganin kumburi, wani lokaci da allura, da sauya yadda yake riƙe kayan aikinsa. Idan duk wannan bai yi ba kuma sana'arsa na neman tsayawa, likita zai tsaga ɗan wuri a saman wuyan hannu, ya nemo jijiyoyin biyu, ya yanke reshen da ya haɗa su, ya share rigar da ta yi kauri. Daga nan sai ya ja jijiyar babban yatsa shi kaɗai ya duba manuniya, don ya tabbatar ba ta ƙara binta ba kafin ya rufe. Bayan aikin ana sa majinyaci ya fara motsa yatsun biyu daban-daban tun da wuri, domin jijiyoyin da aka raba suna iya sake mannewa idan aka bar su kwance kusa da juna har tabo ya kama.